Amsa kan abin fesa ruwa na ɗan lambun gida

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce lambun naka ɗan ƙarami ne a Kofar Kaura, ciyawa da ɗan latas da tumatir, kana tambaya wane abin fesa ruwa za ka saya. To ni dai kafin ka je kasuwa fara duba tsayin tankinka, don abin fesa ruwa mai juyawan nan yana son ƙarfin ruwa wajen bar 2 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), kuma sai tanki ya kai mita 10 sama kafin ya ba ka bar 1, namu na gida ko rabi ba su kai ba, shi ya sa za ka ga ya ƙi juyawa sai zubar da ruwa a gindinsa. In ba za ka haɗa ɗan injin famfo ba, sayi ƙananan nan na roba masu feshi a tsaye saboda ciyawar, tumatir kuwa tiyo mai ɗigo ya fi masa, jiƙa ganye na jawo masa cuta.

Ƙasarmu yashi ce, ruwa bai zama, gara kaɗan kaɗan da sassafe kafin iska ta taso. In ruwan bohol ne don Allah ka sa filta, yashi na toshe ƙofofin abin feshin.