Ɗaki guda na cika da tsarabar komawa gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Shekarata 24 a Jidda, kuma tun zuwana nake tara kaya don ranar da zan koma Katsina: atamfofi, abayoyi, barguna, dardumai, kuloli, har da na aurar da 'ya'yan ƙannena. Gidan da muke haya ɗaki uku ne, riyal 18,000 a shekara. Kayan sun cinye ɗaki guda, 'yan matana uku suna cunkushe a ɗaya. Babbarsu ta ce in rabu da kayan, ni kuwa gani nake almubazzaranci ne, gumina ne. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a gumin nan. Na san ba son abin duniya ne ya sa ki tara su ba, zumunci ne. Wanda ya daɗe a ƙasar nan yana jin nauyin ya sauka gida hannu rabbana, sai ya yi ta saye yana ajiyewa.

Amma mu yi lissafi. Ɗaki ɗaya cikin uku, riyal 6,000 ke nan duk shekara kike biya wa akwatuna haya, a shekara goma 60,000. Idan kuma kina cikin masu biyan kuɗin iyali na iƙama (takardar izinin zama a Saudiyya), wanda aka fara a 2017 da riyal 100 a wata kan kowane mutum har ya kai 400 a 2020, kin san yadda riyal ya yi tsada a hannu. Ga danshin tekun Jidda da ba ya raga wa ajiya. Roba takan saki, takalma da jakunkuna su saluɓe, bargo ya yi fumfuna, turaren ruwa ya juya. Ranar tafiyar ma, yawancin jirage jaka biyu suke ba fasinja, kowace kilo 23, saura sai kargo, a kan kilo ake biya.

Lokacin rusau na 2022, da aka tashi unguwanni irin su Gulail da Karantina, na taya wata maƙwabciyarmu kwashe kaya. Muka buɗe wata tsohuwar akwatin ƙarfe, kowane ƙunshi da 'yar takarda an rubuta sunan mai shi. Ta ɗauko wani farin mayafi, har yanzu yana cikin ledarsa, ta karanta sunan, sai ta zauna a ƙasa. Na yayarta ne, ta rasu shekara shida da suka wuce. Mun sami irin wannan har uku kafin mai dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya fara yi mana hon. Tun ranar nake gaya wa mata cewa kayan da aka saya da sunan wani nasa ne, a kai masa tun yana da rai.

Batun almubazzaranci kuwa, kwantar da hankalinki. Almubazzaranci shi ne salwantar da dukiya a inda ba ta da amfani, kuma bargon da ke ruɓewa a kwali ya fi kusa da haka a kan wanda kika ba mai jin sanyi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shimfiɗa ɗaya ta miji ce, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ta Shaiɗan. Malamai sun ce ana nufin abin da ya wuce buƙata aka ajiye don alfahari. Ke ba alfahari ya sa ki ba, amma hadisin ya nuna mana ma'auni: na mutanen gida da na baƙo.

Kada ki kwashe ɗakin rana ɗaya, zuciya ba za ta ɗauka ba. Akwati ɗaya duk Juma'a ya isa, ke da babbar 'yarki. Duk abin da ke da mai shi, ki ba masu zuwa Umara ko ki sa a kargo, ki fara da na tsofaffi. Kayan auren da ba a sa rana ba, ki sayar a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik ki ajiye kuɗin, domin kafin lokacin yayi ya sauya, amarya ma ba za ta so su ba. Ki shirya jin farashin da zai ɓata miki rai. Wannan asarar tun tuni aka yi ta, ci gaba da ajiya ba zai dawo da ita ba.

Zinare kada ki haɗa shi da sauran, shi ba ya lalacewa kuma ba ya cin wuri. Sai dai a mazhabar Malikiyya wanda aka ajiye a matsayin dukiya, ba don ado ba, ana fitar masa da zakka idan ya kai nisabi, kimanin giram 85, shekara ta zagayo. Ki ware kuma akwati ɗaya na abin da zuciyarki ba za ta iya saki ba, zanen mahaifiya ko hotuna, babu wanda zai tambaye ki dalili.

In ɗakin ya fara buɗewa, ki bar 'yan matan su zaɓi wadda za ta koma ciki. Shekarun da suka rage musu a gabanki kafin aure ya ɗauke su ba su da yawa, Hajiya.