Tambaya da Amsa: Komai ya fita a raina, ta ina zan samo ɗan farin ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Kurna da ke Kano, 'ya'yana huɗu. Albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, kasuwar maigidana ta ja baya, ga mahaifiyata a kwance ina jinyarta. Ko abinci ba na jin daɗinsa. In na yi dariya ma sai in ji kamar na yi laifi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya yassare muku. Abin da kika kwatanta sananne ne a wurin masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba raunin imani ba ne.

Idan nauyi ya yi wa mutum yawa, abin da yake fara zubarwa shi ne ƙananan abubuwan da ke sanyaya masa rai: zuwa suna, kitso, islamiyya, hirar tsakar gida. Gani yake ba lokacinsu ba ne. Da ya bar su kuwa, sai wuni ya koma aiki da tunani zalla, zuciya ta ƙara nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jiran sai rai ya yi daɗi kafin a koma musu. Ba ta nan ake bi ba. Ana farawa ne ko babu sha'awa, ita sha'awar daga baya take biyowa.

Ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwa goma da kike jin daɗinsu a da. Ki zaɓi biyu waɗanda ba sa cin kuɗi kuma ba sa wuce minti 30. Sai ki ɗaura kowanne a jikin lokacin salla, domin shi ne agogon da ba ya kuskure a gidan Bahaushe. Misali, bayan Asuba kafin yara su tashi, ki zauna a tabarma da kofin kunu ko shayi, ki sha a hankali, kina jin ɗuminsa a tafin hannu da ƙamshin citta, waya tana ɗaki. Bayan La'asar, in rana ta yi sanyi, ki taka zuwa gidan wata ƙawa ko 'yar uwa. Tafiyar minti 20 zuwa 30 sau biyar a mako tana taimaka wa barci da nutsuwa.

Inda abin ke lalacewa: a fara da babban shiri wanda gajiya za ta rushe cikin kwana uku, ko a yanke hukunci tun ranar farko cewa bai yi amfani ba. Ki ba shi mako biyu, kullum kina sa wa yanayinki maki daga 1 zuwa 10 kafin ki yi da bayan kin yi. Ƙarin maki ɗaya ma riba ce.

Tunanin kuɗi kuma ki yanka masa lokaci, minti 15 da rana, ba a kan shimfiɗa ba. Abin da ke hannunki, kamar neman a raba miki kuɗin makaranta kashi biyu, ki sa masa rana. Goro da shayi mai kauri ki bar su daga La'asar, suna hana barci.

Batun laifin dariya ya fi damuna. Dariyarki ba ta rage wa Mama komai, mai jinyar da ta huta ta fi haƙuri da tausasa hannu. Ki tara 'yan uwanki ku raba kwanakin jinya, ki faɗi ranar da kike so a karɓe ki, kada ki jira su gane da kansu.

Amma rashin jin daɗin abinci da kika ambata abin lura ne. Idan baƙin ciki ko fitar komai a rai ya kai mako biyu kusan kullum, tare da rashin barci, ramewa ko ganin ba ki da amfani, wannan na iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kada ki sayi maganin barci a kemis ba tare da takardar likita ba, jiki yana saurin sabawa da shi. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wanda kika amince da shi, ya raka ki asibiti a ranar.