Ku Tambayi Likita: Ya fara samun sauƙin mura, sai numfashi ya sarƙe

Tambaya: Likita, yayana ya yi mako 2 kwance da mura mai tsanani, da zazzaɓi da tari. Har ya fara samun sauƙi, sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura, muna yi masa tausa da man zafi. Wata asuba ya tashi zai yi alwala, numfashinsa ya sarƙe, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An ce gudan jini ne ya toshe masa huhu, amma dangi suna cewa jifa ce. Ta yaya mura ke kawo wannan? Daga wata mai karatu a unguwar Bagalam, Maradi.

Amsa: Malama, Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ba ku haƙurin rashi. Bayanin da aka yi muku ya dace da abin da likitoci suka sani, musamman tun bayan ɓullar cutar korona, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijar a watan Maris na 2020.

Korona takan zo kamar mura mai tsanani, amma ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Tana illata fatar da ke lulluɓe cikin jijiyoyin jini, ta sa jinin ya riƙa saurin daskarewa, kuma idan aka haɗa da doguwar kwanciya da ƙarancin shan ruwa saboda zazzaɓi, sai gudan jini ya taru a jijiyar da ke can cikin sha-raɓa ko cinya. Ranar da gudan ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya bi ta zuciya har ya cushe a jijiyar huhu. A 2020, likitocin Hamburg ta ƙasar Jamus sun binciki gawarwakin mutum 12 da korona ta kama, suka tarar 7 suna da gudan jini a jijiyoyin ƙafa ba tare da an gane ba, 4 kuma toshewar huhun ce ta yi ajalinsu. Wani binciken ƙasar Suwidin na 2022 ya nuna cewa haɗarin na iya bin mutum har wata 6 bayan kamuwa, shi ya sa samun sauƙi ba ya nufin an tsira.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙafar nan. Kada ki ɗora wa kanki laifi, domin tausa ita ce abin da kowa zai fara yi a gidajenmu, amma ƙafa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, take ciwo bayan jinya, ba a matsa ta, asibiti ake kai ta a ranar. Haka nan haki na farat ɗaya, ko sukar ƙirji idan an ja numfashi, ko bugun zuciya da sauri, ko tari da jini: waɗannan ba sa jiran wayewar gari. Akwai allurar tsinka jini, irin su hefarin, da ke hana gudan girma, sai dai likita ne ke ba da ita, domin tana iya jawo zubar jini.

Masu jego, da masu ƙiba, da waɗanda aka yi wa tiyata, da wanda ya tashi daga jinya ya hau motar Yamai ya yi wuni a zaune, su suka fi buƙatar lura. Majinyacin da ke gida a riƙa tayar da shi yana takawa a tsakar gida, yana motsa ƙafafu, ana kuma ba shi ruwa akai-akai.