Amsar tambayarka kan faifan Harvest da sautin da yake shiga makirfon wani

Toh Malam Ƙarami, naga saƙonka jiya da daddare. Kace ka saurari faifan nan dana baka, Harvest na Neil Young, kuma a wasu waƙoƙin kamar kayan kiɗan sun cakuɗe a ɗaki ɗaya, ganga na leƙa makirfon jita, shine kake tambaya wai me yasa basu ɗauki kowa shi kaɗai sun tsabtace ba, kuma ta yaya aikin da kai kake gani kamar da kuskure a ciki mutane ke ta yabonsa har yau. Naji daɗin tambayar nan wallahi, dan ta nunamin kunnenka ya fara buɗewa.

Neil Young ɗan Kanada ne, an haifeshi 1945. A watan Fabrairu 1971 yaje Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri a Amurka, dan ya fito a shirin talabijin na Johnny Cash, anan ya haɗu da furodusa Elliot Mazer wanda ya jawoshi sutudiyon Quadrafonic, aka tattaro makaɗa cikin gaggawa, Kenny Buttrey a ganga, Tim Drummond a bes, wato jitar nan mai kauri da zurfin sauti, sai Ben Keith mai jitar nan da ake kwantarwa kamar tebur ana goga mata ƙarfe tana kuka. Lokacin Neil Young yana fama da ciwon baya har da abin ɗaure gadon baya yake sawa, tsayuwa da jitar lantarki mai nauyi na bashi wahala, shiyasa kaji yawancin waƙoƙin a sanyaye suke da jitar katako. Faifan ya fito Fabrairu 1972, kuma a shekarar babu wanda ya kaishi kasuwa a Amurka.

Amma inda tambayarka take shine waƙoƙin lantarkin, waɗannan ba a sutudiyo ma aka ɗaukesu ba, a wani ƙaton sito na katako ne a gonarsa ta Kalifoniya, kuma Mazer bai sawa makaɗan hedifon ba, sifiku ya kafa musu a ciki suna jin junansu kamar a filin wasa. Kaga dole sauti ya zaga ya shiga kowane makirfo. Sun sani sarai, sunji abin ya musu, suka barshi haka. Abinda kake kira datti ɗinnan shine yake gayawa kunne girman ɗakin da nisan dake tsakanin mai ganga da mawaƙi, shine yasa kake jin mutane ne a tsaye wuri ɗaya suna kallon juna, wani ya ɗan ja baya wani ya bishi. In ka ɗauki kowa daban a rana daban ka jera a kwamfuta zaka samu tsabta, amma wannan bin junan bazaka iya zanashi da linzamin kwamfuta ba, na gwada shekara da shekaru, baya yiwuwa.

Ka koma ka saurari gangar kaɗai. Buttrey gwani ne da yayi aiki da Bob Dylan, zai iya cika ko'ina da salo amma duba yadda ya takaita, bugu kaɗan, fili da yawa. Wannan ne ma ya ceci aikin, dan idan kowa na surutu da kayansa a ɗaki ɗaya toh yoyon sautin ya zama kwamacala, idan kuwa kowa ya bar wa ɗan uwansa wuri sai ya zama gishirin miya.

Kada kuma ka ɗauka hanyar bata da tsada. Mutum ɗaya yayi kuskure, kuskuren ya shiga makirfon kowa, baka da halin goge nasa kaɗai, sai dai duka a sake daga farko. Na taɓa asarar yini guda akan haka ina ƙaramin ma'aikaci, na ajiye makirfo biyu ba lissafi, da muka zo miksin, wato haɗa sautukan wuri ɗaya, muryar ta koma siririya kamar daga cikin gwangwani saboda sautin na isa ɗaya kafin ɗaya suna cinye juna. Tun ranar bana danna rikodin sai na haɗe komai a sifika ɗaya naji ko wani abu ya ɓace.

Ranar Asabar masu kalangu da 'yan amshi zasu zo, su dama ba'a rabasu, in ka raba mai kalangu da mawaƙinsa ka kashe waƙar. Kai zaka jera makirfo. Na mawaƙi ya matso bakinsa sosai, bayan makirfon ya kalli kalangu tunda ta baya ne baya ɗaukar sauti sosai, 'yan amshi su taru kan guda ɗaya a gefe, ka shimfiɗa darduma ta ƙasa ka rataye bargon nan a bangon gabas. Kazo ƙarfe 8 kafin su iso, mu gwada da tafi muji yadda ɗakin ke amsawa.