Mayar da fayil ɗin ma'aikata cikin kwamfuta yana kare muhalli?

Malam, ka tambaya ko zuba bayanan ma'aikata a kwamfuta yana taimakon muhalli ko kuwa kwalliya ce kawai. Yana taimako sosai. Malamin makaranta a Anka ko Shinkafi da zai hau mota zuwa Gusau don takardar hutu ko tantancewa, yanzu daga wayarsa zai tura, ba ƙona mai, ba tulin fotokwafi da gara ke cinyewa a sito. Gwamnatin tarayya ta fara IPPIS, wato tsarin adana bayanan ma'aikata da biyan albashinsu ta kwamfuta, tun 2007.

Amma in janareta ke riƙe ofishin wuni guda, ribar ta tafi a hayaƙi, sai a sa sola. Tsofaffin kwamfutoci da batura kuma kada a jefa su juji, akwai dalma a cikinsu, mu Zamfarawa mun ga yadda ta kashe mana yara a 2010.