An gano kumburin jijiyar jini a cikin kan mahaifiyata, me ya sa ba a yi aiki ba?

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya nuna kumburi mai milimita 4, likita kuma ya ce a sa ido kawai. Ba sakaci ba ne. Bangon jijiyar ne ya yi rauni ya bunƙuro kamar ƙaramin balan-balan, kuma wanda bai kai milimita 7 ba da wuya ya fashe. Shi kansa aikin yana da haɗari, shi ya sa ake auna girman kumburin, inda yake, da shekarun mara lafiya.

In ya ƙaru, hanya biyu aka fi bi. Ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan maƙalin ƙarfe, ko a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi, a cusa lallausar wayar filatinam cikin kumburin har jinin da ke cikinsa ya daskare.

Ni abin da na fi damuwa da shi hawan jini ne. Kada ta yi wasa da magani, a nisanta ta da sigari, kada ta tsallake ranar sake hoto. In ciwon kai mai tsanani ya sare ta farat ɗaya, ga amai ko sanƙarewar wuya, ku garzaya asibiti nan take.