Sara Montiel 'yar Meziko ce ko 'yar Sifaniya?

Malam, ka ce ka ga Sarita Montiel (wato Sara Montiel) tare da jarumin Meziko Pedro Infante a wani tsohon fim na Meziko, kana son sanin ko 'yar can ce.

Haifaffiyar Sifaniya ce. An haife ta a garin Campo de Criptana a 1928, sunanta na yanka María Antonia Abad Fernández. A gida ta fara fim, amma tauraronta bai haska ba sai da ta koma Meziko a 1950, lokacin da masana'antar fim ta can ke gaba a duk ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Fim uku ta yi da Infante: Necesito dinero, Ahí viene Martín Corona da El enamorado. A ganina na farkon ya fi daɗin kallo. Daga baya ta koma gida ta fito a El último cuplé na 1957, wanda ya mayar da ita shahararriyar mawaƙiya. Ta rasu a Madrid a 2013.

Kada ka haɗa ta da Sara García, dattijuwar nan mai fitowa a kaka; ita a Orizaba ta Meziko aka haife ta, iyayenta ne 'yan Sifaniya. Sannan Vera Cruz na 1954, wanda Montiel ta fito a ciki, duk da a Meziko aka ɗauke shi, fim ɗin Amurka ne.

Idan binciken makaranta kake yi, shekarun finafinan da ke intanet sukan saɓa, domin wasu shekarar ɗauka suke rubutawa, wasu ta fitowa. Tuntuɓi ma'ajiyar finafinai ta Filmoteca de la UNAM a Meziko ko ta Filmoteca Española a Sifaniya su tabbatar maka.